Daminar da Jan Sanmu Ya Sa Wando

Na yi jinyar mutane da dama a rayuwata, har da ta mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, amma jinyar da ta fi tsaya mini a rai ta sa ce. In dariya za ku yi, bismillah, mutanen ƙauyenmu sun riga ku, sun yi har sun gaji. Ina ba da labarin ne saboda masu ɗaure dabba a gida, musamman mu na ƙasar rake, don kada wani ya sake shan irin wahalar da muka sha.

Shekara ta biyu ko ta uku ce bayan an ba mu mulkin kai. Muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Gazara, ni da ƙanena Ilu, gandu ɗaya, tukunya ɗaya. Da bazarar nan Babanmu ya rasu, ya bar mana gona, da 'yar fadamar rake, da shanun huɗa biyu, wani fari da muke kira Alli da wani ja da muke kira Goro. Huɗa da shanu kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe garma a baya, ɗaya ya ja igiyar hanci a gaba. Ni ne mai garma, Ilu ne mai ja, kuma shanun nan ba muryar da suke ji kamar tasa.

To, shi Ilu zuciyarsa tana Kaduna. Lokacin masaƙa na ta ɗibar samari, abokansa su tafi da tsumma su dawo da agogo da keke, suna wani ɗaga kafaɗa. Da Baba na da rai bai isa ya furta ba. Ana yin sadakar arba'in ya same ni a zaure ya ce in sallame shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo masa maganar zumunci da ta kabarin Baba da ko bushewa bai yi ba. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, muddin shanun nan biyu suna tsaye, ba zan bar ka da garma kai kaɗai ba. Amma ran da suka zama ɗaya, ka sallame ni." Na ce na yarda, har ina murna a raina, don shanu ne lafiyayyu tozo a tsaye. Ya kuma san kamar yadda na sani, in ɗaya ya tafi ba mu da halin sayen wani.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata in faɗa tun yanzu. In an matse rake an dafa mazarƙwaila da rani, ɓawon raken da inji ya matse da shi ake hura wuta, abin da ya rage mu kwaso mu shimfiɗa wa shanu a turke. Yana da laushi, yana shanye fitsari, kafin ruwa ya sauka ya zama taki a kwashe a kai gona. Haka muka taras, haka kowa yake yi. A shekarar nan rake ya yi kyau, ɓawo ya yi yawa, ga shi rasuwar Baba ta faɗo daidai lokacin kai taki. Muna zaman makoki ruwa ya sauka, shimfiɗar ta zauna inda take.

Mako na farko abin bai kai a kira shi ciwo ba. Goro ne dai ya riƙa buga ƙafa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan, wutsiya ba hutu. Na duba na ga ƙuda sun yi masa baƙi a ƙwauri. Ba bobuwa ba ce, ita babba ce kowa ya san ta. Ba tsando ba ne. Wannan da ƙudan gida ba ka bambanta su, sai ya sauka a ƙafarka ka ji kamar an soka maka ƙaya. Shi Alli fari suna taɓa shi kaɗan su wuce, Goro kuwa sai ka ce bashi suke binsa. Na ce ƙudan farkon damina ne, za su wuce.

Ba su wuce ba. Mako na biyu ƙafafu suka fara tsattsafo da jini, yana lasa yana gogawa a turke har fata ta saɓule ta zama miki. Ya daina tsayawa ya ci harawa, duk lokacin cin ya tafi wajen kore ƙuda. Da na ga haka na ce a bar shi ya huta a gida, Alli kaɗai ake fita da shi kiwo. Na kafa masa rumfa saboda ruwa, kuma duk ran da saman shimfiɗar ya jiƙe sai mu ɗebo busasshen ɓawo mu ƙara a kai, don majinyaci ya kwanta a wuri mai daɗi.

Daga nan masu shawara suka buɗe mana wuta. Gwaggonmu ta taso tun daga Kudan ta ce baki ne, mutane sun sa wa gadon marayu ido, ta kawo rubutu da laya. Muka ba shi rubutun, muka rataya layar a ƙaho, Allah ya saka mata da alheri, tafiyar kaɗai ba ƙarama ba ce ga tsohuwa. Wani ya ce toka da man gyaɗa, muka shafa, ƙuda suka zo suka yi walima. Wanda har yau ban huce da shi ba wani yaron mota ne da ya rantse mana cewa baƙin man inji shi ne maganin da ake yi a Kudu. Na saya da kuɗina na lafta wa bawan Allah. Ƙuda sun gudu kam, amma washegari gashin wurin ya bi su, fata ta yi jawur kamar an zuba ruwan zafi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ni da Ilu muka yini muna wankewa da sabulun salo, Goro yana nishi.

Ran kasuwar Makarfi muka lallaɓa da shi wurin malamin dabbobi. Mun isa da hantsi, muka taras ana yi wa shanu allurar ciwon bushiya, Fulani sun cika fili da garkuna, mu masu sa guda ko kallo ba mu ishi kowa ba. Muka zauna gindin wata tsamiya har aka yi azahar, aka yi la'asar, cikinmu ba komai sai rake. Da layi ya zo kanmu, malamin, wani siriri mai gajeren wando, duk ya galabaita, amma bai yi mana tsawa ba. Ya buɗe bakin Goro, ya ja fatar idonsa, ya ce ba sammore ba ne, jini ne ƙuda suka shanye masa kuma ga yunwa. Ya wanke mikin da wani ruwa mai launin shuni. Ya ce gaskiya ba shi da maganin ƙuda a akwatinsa, ko yana da shi ma ba zai ƙare su ba. Maganar da ya yi mana ta ƙarshe ita ce ta zauna mini: "Waɗanda kuke kashewa sojoji ne. Ku je ku nemo barikinsu, inda suke haihuwa."

A yinin nan na Makarfi, Goro ya tsaya cak ya ci ciyawa har ya yi tuƙa. Muka ce kai, ruwan shunin nan akwai ƙarfi. Kwana biyu da komawa gida abin ya dawo sabo.

Neman bariki kuwa mun yi shi. Mun bi fadama, mun leƙa kududdufin bayan gari, mun ƙone bola, har na kusa yin rigima da maƙwabci a kan makwararar gidansa. Daga ƙarshe na yanke cewa shanun Fulani ne suka kawo mana su. Da wannan fushin na tafi wajen Paki wurin Buba, Bafillacen da yake sauka a gonarmu da rani, da niyyar in gaya masa magana. Mutumin nan ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka dama mini fura, ya saurari labarin ciwon Goro har na gama, sannan ya ɗauki sandarsa ya biyo ni gida a ƙafa. Kunya ta hana ni faɗin abin da ya kai ni.

Shi ya koya mana abin da ya yi aiki na gaskiya. Ya ce a tara busasshen kashin shanu a kunna ta inda iska ke busowa, a danne da ɗanyen ganyen darbejiya da ɗoɗɗoya, hayaƙi ake so ba wuta ba. Ya ce a jiƙa ganyen taba a wanke mikin da ruwan, tsutsar da ta shiga za ta fito. Sannan a kwaɓa man maɗaci da man shanu a shafe ƙafafun safe da yamma, ɗacin yana hana su sauka. Da zai tafi ya ce in ba shi Goro ya tafi da shi ruga ya yi 'yan kwanaki. Na yi masa godiya na ƙi. Na ce a raina, ina ruga ina jinya, ruwa ya doke shi a fili alhali ga rumfa ga shimfiɗa mai laushi a gida?

Ilu ya ɗauki aikin hayaƙin nan kamar an ɗaura masa aure da shi. Idanunsa kullum jawur, rigarsa tana ƙauri, ko masallaci ya shiga sai an san ya shigo. Man maɗaci da tsada, sai da mai ɗakina Asabe ta sayar da zabinta muka ƙara kwalba. Ita ce kuma ta kawo dabarar da ta sa muka yi suna. Ta farke tsohon buhun gyaɗa ta ɗinka wa kowace ƙafa hannun riga, aka zura aka ɗaure da igiya ta kan gadon baya. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa san gidanmu ya sa wando. Mutane suka riƙa zuwa kallo, wani ya ce saura hula, wani ya ce a kai shi Ikara a ba shi aikin ofis. Na yi ta haɗiye fushi, don wandon ya taimaka, mikin ya fara kamewa.

Sai dai duk abin nan kamar kwasar ruwa da kwando ne. Hayaƙi na lafawa za su taso, ba ka san ta inda suka fito ba. An hana su ƙafa suka koma ciki da wuya da bayan kunne. Aka shiga wata na biyu, Goro ya zama ƙashi da fata, tozon nan ya kwanta gefe guda. Wata safiya ya kwanta ya ƙi tashi, ya daina tuƙa, kunnuwansa suka yi sanyi.

Tun kafin nan Mati mahauci ya mai da gidanmu hanyarsa. Kullum da safe sai ka ji sallamarsa, ya gaishe mu da kyau, ya ce ya mai jiki, sannan ya tsuguna ya matsa cinyar mai jikin yana girgiza kai, wuƙa tana leƙe ta ƙasan riga. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce, amma ganinsa yana tsinka mini zuciya. Da bakinsa ya tsokani Ilu wata rana, ya ce kai da wuƙar nan ce tikitin motarka, me ya kai ka shan hayaƙi? Duk gari an san alkawarinmu. Ilu dai ya ci gaba da fifita wutarsa.

Dattawa suka kira ni suka ce in ji tsoron Allah, kada in bar dukiyar marayu ta zama mushe, gara a sa wuƙa a tsira da nama da fata. Gaskiya suka faɗa. Na san in na ce a yanka, na rasa sa na rasa ƙane a rana ɗaya, in kuma na ƙi ya mutu, na rasa su duka biyun har da naman. Ranar da aka kwana ana ruwa, gari ya waye Goro ko kai ba ya ɗagawa, na aika a kira Mati. Ban iya duban fuskar Ilu ba, shi ma bai dubi tawa ba.

Muka kama shi muka juya shi ya fuskanci alƙibla. Ni ina riƙe da ƙaho, Mati yana wasa wuƙa. Ka san ba a yanka babbar dabba a bar jini ya malale, sai an haƙa masa ɗan rami daidai wuya. Ilu ya ɗauki fartanya ya zagaya ɗaya gefen ya fara haƙa. Jikin Goro ya kare mu, ba ma ganin abin da yake yi, saran fartanya kawai muke ji. Sai muka ji shiru. Shirun ya yi tsawo har Mati ya ce a yi sauri kada rai ya riga mu.

Daga baya na sha tunanin shirun nan. Ba wanda ya ga abin da ya gani sai shi da Allah. Da ya tura ɓawo da ƙafa ya rufe, da kafin sati ya zagayo yana cikin motar Kaduna, kuma da ba wanda zai ce ya karya alkawari.

Ya miƙe ya ce, "Mati, mayar da wuƙarka. Yaya, zo ka ga barikin."

Na zagaya na duba. Saman shimfiɗar a bushe yake tas, amma daga ƙasa ɓawon ya ruɓe ya yi baƙi, yana tururi, yana wani tsamin wari na rake da fitsari. Tsutsa ce ke motsi a ciki ba iyaka, ga wasu 'yan ƙwayoyi jajaye kamar ƙwayar dawa kaura, ga ƙuda sababbi suna fitowa daga cikinsu suna miƙe fiffike. Duk inda fartanya ta sara haka ne. Mun zaga fadama, mun zargi Fulani, ashe a kansu muke kwantar da majinyacin, kullum muna ƙara musu rufi. Na tsuguna a wurin ina kallonsu.

Mati ya ce ko an ga bariki ko ba a gani ba, dabbar nan ta gama, gobe war haka mushe ce. Ilu ya ce a ba shi zuwa la'asar, in an ga alamar rai zai fita shi da kansa zai danne wuyan. A nan Mati ya ba ni mamaki. Ya yi tsaki, ya tura wuƙa kube, ya ce to ai ba a nan za ku bar shi ba, ku kawo azara biyu da buhu. Shi ya san yadda ake ɗaga sa kwance ba a karya shi ba. Ya kira majiya ƙarfi, aka zura buhu ta ƙarƙashin ciki, aka ɗauke shi cak zuwa wani tudu mai yashi a gindin ɗorawa, can nesa da gida inda iska ke kaɗawa. Ya zauna tare da mu har yamma, wai don kada a yi asara, amma na gan shi yana ɗura wa Goro ruwan mazarƙwaila da kwalba yana ce masa sha mana, ɗan banza, kada ka ba ni kunya.

La'asar ta yi bai mutu ba. Washegari ma bai mutu ba. Muka kwashe shimfiɗar nan kaf har sai da muka taɓa jar ƙasa, muka kai gona muka baza a rana, kaji da zabin unguwa suka yi Sallah. Wanda ya bushe muka cinna masa wuta, muka zuba toka a turken. A can tudu muka ci gaba da abin da Buba ya koya mana, hayaƙi da ruwan taba da man maɗaci, sai ga shi yanzu suna aiki, don ba wasu sababbin da ke tasowa daga ƙasa. Asabe tana dama masa kunun dusa da 'yar kanwa muna ɗura masa. Ran da na ga muƙamuƙinsa ya fara juyawa yana tuƙa, wallahi hawaye na yi, a gaban mutane. Bayan kamar mako guda ya dafa gwiwa ya miƙe da kansa, yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

Huɗar fari ta wuce mu. Maƙwabcin nan da na kusa yin rigima da shi, shi ya kira mana gayya aka yi mana da garmar hannu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Allah ya saka masa, ya saka wa Buba da Mati da Gwaggo, da malamin nan na Makarfi da ban ma san sunansa ba. Ku kuma masu turke, ga abin da na saya da tsada ina ba ku kyauta. Ku yi hayaƙin, ku shafa man maɗacin, duk suna da amfani. Amma in kun ga ƙudan cizo sun ƙi ƙarewa, kafin ku je ko'ina ku sa fartanya ku tone ƙarƙashin dabbar. Kada ku bar ɓawon rake ko ruɓaɓɓiyar ciyawa ta ga damina a turke, kuma kada ku rufe jiƙaƙƙe da busasshe.

Goro ya kai ga huɗar dawa ta ƙarshe. Muka ɗora musu karkiya shi da Alli, tabon ƙafafunsa fari fat, gashi bai sake fitowa a wurin ba har ya tsufa. Ilu yana gaba da igiya yana yi musu magana a hankali, ni ina baya ina kallon ƙeyarsa. Shanu biyu suna tsaye, alkawari ya ɗaure shi, kuma da hannunsa ya ƙulla. Murnata ta kasa cika. Da muka kai ƙarshen kunya na tsayar da garma na ce, "Ilu, na yafe maka alkawarin nan. In an yi girbi ka tafi Kadunarka, da albarkata."

Bai juyo ba. Ya gyara igiyar hancin Goro ya ce, "To, Yaya. Sai ka samo mai ja tukuna."

Na kuwa nema, tsakanina da Allah. Da kaka na kawo wani daga Saulawa, Ilu ya duba shi rabin yini ya ce yana fizgar igiya, zai yaga musu hanci. Wata shekara na kawo wani, ya ce wannan tsawa gare shi, shanu ba sa son tsawa. Goro ya tsufa aka sake wasu, su ma aka sake wasu, duk wanda na kawo sai ya samo masa aibi. Na ƙarshe da na kawo masa, muna da furfura mu duka biyu, ɗansa ne na cikinsa. Ya tsaya bakin gona ya kalle shi ya kai kunya ɗaya ya dawo, ya girgiza kai ya ce shi ma bai iya ba, ya karɓe igiyar.

Allah ya jiƙan Ilu, ya sa ya huta.